Daga Bebeji zuwa Landan: Yadda ake shirya waya kafin tafiyar farko zuwa Turai

A farkon shekarun 1920, Alhassan Ɗantata, attajirin da aka haifa a Bebeji a 1877, ya tafi aikin Hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, har aka gabatar da shi ga Sarki George na Biyar. A wancan zamani tafiyar ta makonni ce a kan teku. Yau jirgin da ya tashi daga Abuja da safe yana sauka a Landan kafin la'asar, wajen awa shida da rabi a sama.

Sai dai abin da ya ragu na nisan hanya ya dawo ta wajen takardu, kuma kusan dukkan takardun nan yanzu a cikin waya suke. Neman fasfo, cike fom ɗin biza, bizar kanta, tikitin jirgi, kuɗin mota, taswira, har lokutan sallah. Matashin da ke Yako ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, wanda ya samu gurbin karatu, ko gayyatar taro, ko zai je ganin ɗan uwa, zai yi mafi yawan shirinsa ne yana zaune da wayarsa a hannu.

Wannan sauƙi ne, amma yana da tarko. Duk abin da aka ɗora a kan na'ura ɗaya, ranar da ta mutu ko aka ƙwace ta, komai ya tsaya. Masu gina manhaja suna da ƙa'ida biyu da suka dace da matafiyi: makullin kowane asusu ya kasance a hannun mai shi, kuma kowane abu mai muhimmanci ya kasance yana da kwafi a wani wuri dabam. A kan waɗannan biyun ya kamata a gina tafiyar.

Imel da lambar waya su ne tushe

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne tun kafin a kai ga batun biza. Mutum ya je kafe a cikin gari ko a Kano, mai kafe ya buɗe masa imel, ya sa lambar wayarsa ta kansa, ya cike fom, ya karɓi kuɗinsa. Bayan wata biyu saƙon amsa ya zo, amma ya faɗa akwatin da matafiyin bai san kalmar sirrinsa ba.

A da, wannan ɓata lokaci ne kawai. Yanzu ya fi haka, domin Birtaniya ta koma bizar intanet da ake kira eVisa. Katin zama na roba da ɗalibai da ma'aikata ke riƙewa ya ƙare aiki a ƙarshen 2024, kuma daga 15 ga Yulin 2025 masu neman bizar karatu da ta aiki daga Najeriya suka fara samun tasu a cikin asusun intanet maimakon takardar da ake mannawa a fasfo. Ana shiga asusun ne da lambar da ake turowa ta imel ko ta waya. Ke nan wanda ke riƙe da imel ɗin shi ke riƙe da ƙofar bizar.

Saboda haka ko da wani ne zai taya cike fom, imel ɗin ya zama na matafiyi, lambar wayar ta zama tasa, wadda aka haɗa da NIN ɗinsa. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail da WhatsApp. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 da ake shiga asusu da su idan babu waya. A rubuta su a takarda, a ajiye kwafi ɗaya a gida wajen wanda aka amince da shi, ɗaya a cikin jaka.

Fasfo: sunan da ke NIN shi ne hukunci

Tun watan Janairun 2024 Hukumar Shige da Fice ta Najeriya ta mayar da neman fasfo ta intanet. Ana cike bayanai, a ɗora hoto da takardu, a biya kuɗi, a zaɓi rana, sannan a je ofis don ɗaukar hoto da zanen yatsu. Daga 1 ga Satumban 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000.

Tsarin yana janyo bayanai ne kai tsaye daga NIN. A nan matsalar sunaye ke fitowa. Wani a takardar sakandare Muhammad ne, a NIN Mohammed, a banki Muhammadu. Wani ya sa sunan garinsu, Kiru ko Bebeji, a matsayin sunan ƙarshe a wata takarda, a wata kuma sunan mahaifi. Ga mutum duk ɗaya ne, amma kwamfuta harafi take kwatantawa da harafi. Gyaran suna ko ranar haihuwa a NIN yana ɗaukar lokaci, don haka shi ne aikin farko, tun kafin a yi maganar tikiti.

Da fasfo ya fito, a ɗauki hoton shafin bayanansa. Manhajar Google Drive tana da maɓallin sikanin da ke mayar da takarda PDF mai tsabta, ba sai an je kafe ba. Amma kada a riƙa tura hoton fasfo a guruf-guruf na WhatsApp. Da irin waɗannan hotuna ake buɗe asusun damfara da sunan mutane.

Biza: a san wadda ake nema

Bizar ziyara tana ba da damar zama har wata 6, kuma ba a yin aiki da ita. A watan Afrilun 2025 aka ƙara kuɗinta zuwa fam 127. Ana iya nema tun saura wata 3 a tafi, amsa kuma takan fito cikin kimanin mako 3 bayan ɗaukar zanen yatsu. Idan aka hana, kuɗin ba ya dawowa. Ana cike fom ne a shafin gwamnatin Birtaniya, wanda adireshinsa ke ƙarewa da gov.uk, sannan a je cibiyar kamfanin VFS Global a Abuja ko Legas. Mutanen Kiru da Bebeji suna da ɗan sauƙi a nan, tunda daga Kwanar Dangora sun riga sun hau titin Zariya zuwa Kaduna da Abuja.

Bizar karatu ta fi nauyi. Sai makaranta ta ba da lambar tabbacin gurbi da ake kira CAS. Tun watan Nuwamban 2025, ɗalibin da zai zauna a Landan sai ya nuna fam 1,529 na kowane wata har wata 9, wato fam 13,761, ban da kuɗin makaranta, kuma kuɗin su kwana 28 a jere a cikin asusu. Akwai harajin lafiya na fam 776 a shekara, da gwajin tarin fuka ga duk wanda zai wuce wata 6.

Abin da jami'in biza ke dubawa a takardar shige da ficen kuɗi ta banki shi ne ko labarin da aka faɗa a fom ya yi daidai da abin da ke cikin asusu. Wannan yana shafar mutanen yankin sosai. Manomin shinkafa a Tudun Wada ko mai sayar da masara a Doguwa yana iya juya miliyoyi a kaka, amma da tsabar kuɗi, hannu da hannu. Idan ɗansa zai yi tafiya, sai a tattara kuɗi a zuba a asusu mako guda kafin neman biza. Ga jami'in da ke kallon takardar, wannan kuɗin aro ne aka yi don a nuna. Mafita ita ce a fara shigar da ciniki ta banki tun watanni kafin lokaci, kuma duk wani babban kuɗi da ya shigo a haɗa shi da takardar da ke bayyana tushensa, ko rasiɗin sayar da amfanin gona ne ko na dabbobi.

Takardar bogi kuwa ba hana biza kawai take jawowa ba. Wanda aka kama da yaudara ana iya hana shi shiga Birtaniya har shekara 10, ko da wani ne ya haɗa masa takardun.

Masu damfara ma ta waya suke shigowa

A TikTok da Facebook akwai masu tallan aikin kula da tsofaffi a Birtaniya, suna cewa a biya miliyoyi a ba mutum takardar ɗaukar nauyi ta CoS. A watan Maris na 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda ake sayar wa 'yan Najeriya guraben aikin da babu su. Bayan haka, tun 22 ga Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta rufe ɗaukar sababbin masu wannan aiki daga ƙasashen waje. Duk wanda ke tallan wannan hanya a yau, abin da babu shi yake sayarwa.

Akwai bincike uku da ake iya yi da waya cikin minti kaɗan. Na farko, gwamnatin Birtaniya tana wallafa jerin kamfanoni da makarantun da ke da lasisin ɗaukar baƙi. Idan sunan bai fito a jerin ba, magana ta ƙare. Na biyu, a duba adireshin imel ɗin da saƙo ya fito: jami'o'in Birtaniya da ac.uk suke ƙarewa, ba da Gmail ba. Na uku, babu ofishin biza da ke karɓar kuɗi ta asusun wani mutum.

Wata dabarar kuma ita ce tallan ETA, izinin shiga mai araha da ake nema ta manhaja. Izinin gaskiya ne, amma na 'yan ƙasashen da ba sa buƙatar biza ne. Mai fasfon Najeriya ba ya cikinsu.

Tikiti: mai araha ba kullum ne mai sauƙi ba

Daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano ana zuwa Landan ne ta hanyar yada zango, ko a Alƙahira da EgyptAir, ko a Addis Ababa da Ethiopian Airlines, ko a Doha da Qatar Airways. Mai son tafiya kai tsaye sai ya je Abuja ko Legas. British Airways na tashi daga Abuja zuwa Heathrow, Air Peace kuma ya fara Legas zuwa Gatwick a ranar 30 ga Maris ɗin 2024, ya ƙara Abuja zuwa Heathrow a Oktoban 2025.

Google Flights da Skyscanner suna da amfani wajen kwatanta farashi, amma ya fi kyau a saya a shafin kamfanin jirgin. Idan wakili ne ya saya, a karɓi lambar ajiyar kujera mai harafi 6, a shiga shafin kamfanin a tabbatar an biya, domin ana iya riƙe kujera a buga takarda ba tare da an biya ko sisi ba.

Abin lura na biyu shi ne inda za a yada zango. Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a ranar 31 ga Janairun 2020, kuma dama ba ta cikin yankin Schengen. Bizar Landan ba ta kai mutum Faris ko Barlin. Bayan haka, Najeriya na cikin ƙasashen da ake nema wa 'yan ƙasarsu bizar ratse ko da canjin jirgi kawai za su yi a filayen jiragen yankin. Tikitin da ya bi ta Faris ko Frankfurt yana iya zama mafi araha a allon waya, amma a hana mutum hawa tun daga Abuja. Kuma ba a sayen tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Ita kanta wayar

Abu na farko, wayar ta zama mai 4G. Kamfanonin EE da Vodafone sun kashe 3G tun farkon 2024, sauran ma suka bi sahu. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da Redmi na 'yan shekarun nan ba su da matsala, amma tsohuwar waya za ta koma rarrafe. Wanda ya sayi iPhone ta hannu a kasuwar Farm Centre ya gwada ta da layi fiye da ɗaya, don tabbatar ba a kulle take da wani kamfani ba.

Na biyu, layi. Kada a bar layin Najeriya a gida, domin ta kansa banki ke turo lambar OTP. A tabbatar an kunna masa romin kafin a tashi, amma a kashe masa data, don kuɗin data a romin yana cinye kati cikin ɗan lokaci. Waya mai sim biyu ta dace da wannan: layin gida a gefe guda don saƙonni, layin Birtaniya irin su Lebara ko giffgaff ko Lycamobile a ɗaya gefen don data. WhatsApp zai ci gaba da aiki da tsohuwar lamba ko da an saka sabon sim, muddin ba a danna canza lamba ba.

Mai son sauka da data a shirye yana iya sayen eSIM ta manhajoji irin su Airalo tun yana gida. Ba kowace waya ke ɗauka ba. A danna *#06#. Idan lamba mai suna EID ta fito tare da IMEI, wayar tana ɗauka. A rubuta IMEI ɗin a takarda, zai yi amfani idan an sace wayar.

Na uku, caji. A nan an yi sa'a: soket ɗin Birtaniya mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, ƙarfin wutar ma ɗaya ne. Fawa-bank ne ke da doka. Ba a saka shi a akwatin da za a auna a kai ƙarƙashin jirgi, sai a jakar hannu, kuma iyakar da aka yarda ba tare da izini ba ita ce 100Wh. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka mAh da 3.7 a raba da 1,000. Mai 20,000mAh ya kama 74Wh, ya wuce. Mai 30,000mAh ya kama 111Wh, sai da izinin kamfanin jirgi. Manyan nan masu 50,000mAh da ake ji da su a garuruwan da wuta ba ta zama sun kama 185Wh, a filin jirgi za a karɓe su.

Kuɗi: Landan ba ta son tsaba

Motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun watan Yulin 2014, kuma shaguna da yawa kati kawai suke karɓa. A 2022 bankunan Najeriya da dama suka dakatar da amfani da katin naira a waje. A watan Yulin 2025 wasu, ciki har da GTBank da UBA, suka dawo da shi amma da iyaka. Don haka a je banki a tambayi abu uku: ko katin yana aiki a waje, nawa ne iyakarsa, kuma ko yana da alamar taɓawa. Katin Mastercard ko Visa ake nema, ba a dogara da Verve a can. Hanyar gwaji ita ce a sayi wani ƙaramin abu da shi a shafin waje tun ana gida.

Katin dala na cikin manhaja yana da amfani wajen biyan otal ko tikiti ta intanet, amma ba shi da jiki, ba za a taɓa shi a ƙofar tashar jirgi ba. A riƙe kati biyu daga banki biyu, ba a jaka ɗaya ba. Idan na'urar biya ta tambaya da wane kuɗi za a cire, a zaɓi fam.

Ɗan tsabar kuɗi yana da kyau don ko-ta-kwana, amma mai sayen fam a Wapa ya duba da kyau. Tsofaffin takardun fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki tun 30 ga Satumban 2022. Na roba ake karɓa, ko masu hoton Sarauniya Elizabeth ko na Sarki Charles. Mai ɗauke da fam 10,000 ko fiye sai ya bayyana wa kwastan.

Abin da ba ya shiga jaka

Kilishi, dambun nama, man shanu da duk abin da aka yi da nama ko nono ba a shiga da su Birtaniya daga Najeriya, ko da tsaraba ce. Magunguna irin su tramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsauri. Mai shan magani ya riƙe takardar likita.

Sai batun saƙo. Al'ada ce idan mutum zai yi tafiya a ba shi ƙunshi ya kai wa wani, amma a filin jirgi duk abin da ke cikin jaka na mai jakar ne. A 2019 an sako wata ɗaliba 'yar Najeriya da aka tsare a Saudiyya, bayan an gano cewa wasu ne a filin jirgin Kano suka manna sunanta a jakar ƙwaya da ba tata ba. Kariyar tana cikin waya: a ɗauki hoton jakunkuna a kan sikeli, a ɗauki hoton tikitin kaya, a ƙirga su, a tura wa wani a gida kafin a hau jirgi.

Sauka da shiga gari

Mai fasfon Najeriya ba ya bin ƙofofin na'ura. Layin jami'i zai bi. Za a tambaye shi me ya kawo shi, ina zai sauka, yaushe zai koma, wa ke ɗaukar nauyinsa. Amsa ta yi daidai da abin da ke fom. A nan ne takarda ke fin waya: bayan awa goma sha a hanya batir na iya mutuwa. A buga wasiƙar gayyata ko ta makaranta, adireshin masauki, tikitin dawowa da shaidar biza a takarda.

Daga Heathrow, layin Piccadilly na jirgin ƙarƙashin ƙasa shi ne mafi araha. Layin Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022, ya fi sauri da faɗi ga mai kaya. Heathrow Express yana kai wa Paddington cikin minti 15 amma da tsada. Wanda katinsa ba ya aiki ya sayi katin Oyster a tasha ya zuba masa kuɗi. A jirgi ana taɓawa a shiga, a taɓa a fita, da kati ɗaya; wanda ya manta taɓawar fita za a cire masa kuɗi mafi yawa. A bas sau ɗaya ake taɓawa, fam 1.75 ne a 2025, kuma duk bas ɗin da aka ƙara hawa cikin awa ɗaya kyauta ne.

Wanda ya saba ratsa dajin Falgore ya san yadda sabis ke ɗaukewa a tsakiyar hanya. Haka yake a wasu sassan jirgin ƙarƙashin ƙasa. A sauke taswirar Landan a Google Maps tun a gida, amma a sani cewa taswirar da aka sauke ba ta nuna hanyar bas da jirgi idan babu data, don haka a ɗauki hoton allon hanyar kafin a sauka ƙasa. Citymapper da TfL Go su ne manhajojin da mazauna birnin ke amfani da su. A Landan ba a kwatance da bayan masallaci ko kusa da gidan mai. Lambar adireshi ake sakawa. Ta ofishin jakadancin Najeriya, da ke lamba 9 a titin Northumberland Avenue kusa da dandalin Trafalgar, ita ce WC2N 5BX. Can ake zuwa idan fasfo ya ɓata.

Wajen tsallaka titi kuma, motoci a hagu suke tafiya, yadda Najeriya ke yi kafin 1972. Dama ake fara dubawa.

Ƙwacen waya ba a Kano kaɗai yake ba

Alƙaluman 'yan sandan Landan sun nuna an sace waya kusan 80,000 a birnin a 2024. Yawanci masu keken lantarki ne ke fizge ta daga hannun mai tafiya a gefen titi, musamman a bakin tashoshi da wuraren yawon buɗe ido. Baƙon da ya tsaya yana kallon taswira shi suka fi so.

A Android akwai saitin kulle waya idan ta ji an fizge ta, wanda Google ya fitar a 2024. A iPhone akwai kariyar wayar da aka sace tun iOS 17.3. A kunna su tare da Find My ko takwaransa na Google. A sa wa sim lambar PIN, don kada a cire shi a saka a wata waya a karɓi OTP na banki. A ɓoye saƙonni daga allon kulle. Idan da hali, a tafi da tsohuwar waya ta biyu a bar ta a masauki. Lambar gaggawa 999 ce, 101 ta kai rahoto ga 'yan sanda, 111 ta shawarar lafiya. Mai bizar ziyara ya yi inshorar tafiya, domin idan aka kwantar da shi a asibiti za a caje shi kashi 150 cikin 100 na kuɗin magani.

Sallah, agogo da sanyi

Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogon Landan da na Najeriya ɗaya ne; sauran watanni Landan na baya da awa ɗaya. Lokutan sallah kuwa suna yawo sosai. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9:20 na dare, a Disamba kuma kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba. A canza wuri a manhajar sallah, ko a bi jadawalin masallacin East London da ke Whitechapel ko babban masallacin Regent's Park. Alƙibla ma ta sauya: a Kano gabas ce da ɗan karkata arewa, a Landan kudu maso gabas ce.

Sanyin hunturun Riruwai bushasshe ne, rana na fitowa ya sake. Na Landan da ruwa da iska yake zuwa, ya wuni. Rigar sanyi mai hana ruwa da takalmi rufaffe daga 'yan gwanjon Kofar Wambai sun fi araha nesa ba kusa ba a kan sayensu da fam. Sanyi yana kuma saurin shanye batir, don haka wayar ta zauna a aljihun ciki.

Ga mai sha'awar fasaha, shiga Science Museum da British Museum kyauta ne. A na farkon akwai injin lissafi da aka ƙera bisa zanen Charles Babbage, da kwamfutar Pilot ACE ta 1950 da aka gina bisa tunanin Alan Turing. Mai kewar abincin gida kuma ya nufi Peckham, unguwar da 'yan Najeriya suka fi yawa.

Gwajin ƙarshe

Idan aka jera aikin, wata 6 kafin tafiya na gyaran NIN ne da fasfo da tsara asusun banki. Wata 3 na biza. Bayan ta fito sai tikiti da masauki da inshora. Makon ƙarshe na romin ne da kati da taswira da buga takardu.

Masu gina manhaja ba sa sakin aiki sai sun gwada abin da zai faru idan wani sashe ya faɗi. Matafiyi ma ya yi haka kwana biyu kafin tashi: ya kashe wayarsa ya sa a aljihu, ya ari ta wani, ya gwada ko zai iya shiga imel ɗinsa, ya nuna bizarsa, ya faɗi adireshin masaukinsa, ya kira mutum biyu da lambobin da ke kansa ko a takarda, ya kuma biya kuɗin mota. Duk inda ya maƙale, nan ne ramin da zai faɗa a Landan, kuma cike shi a Yako ya fi arha.